Yanayin Jidda: Yadda Hadari Ke Haɗuwa da Dalilin Ambaliya

Jidda tana bakin Bahar Maliya, gari ne mai zafi da gumi. Ruwan saman da take samu a shekara bai cika wuce milimita 60 ba, alhali Kano kan samu fiye da 700. Kuma yawancinsa yana sauka ne tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da ake hunturu a gida.

Ga yadda hadarin ke haɗuwa. Iska mai ɗumi daga wajen Sudan takan kwaso tururin teku. Idan iska mai sanyi daga Bahar Rum ta ratsa ta samanta, sai mai ɗumin ta tashi sama, ta huce, tururin ya koma ɗigon ruwa, ya taru ya zama gajimare. Da ɗigon ya yi nauyi sai ya zubo, sau da yawa ruwan shekara guda cikin 'yan awoyi.

Gabas da birnin duwatsu ne waɗanda ba sa shan ruwa, don haka yakan biyo kwari ya nufi teku ta cikin unguwanni. Ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 ta hallaka mutane sama da 120. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 an auna milimita 179 cikin awa shida a kudancin Jidda, ɓangaren da Nuzla take.

Saboda haka idan hukumar hasashen yanayi ta yi gargaɗi, a zauna gida, a guji hanyoyin ƙarƙashin gada da wayoyin lantarki. Allah Ya kiyaye.