Daga Gashuwa zuwa Bosso: tarihin ciwon ƙoda a bakin Komadugu

 Yau tarihi za mu taɓa, tarihin ciwon ƙoda da yadda ya zama abin magana a wannan kwari namu.

Mu fara da kogin kansa. Komadugu dai ba a Diffa ya tsiro ba. Kogin Haɗejiya ne ke gangarowa daga ƙasar Kano, na Jama'are kuma daga tsaunukan Jos, su ratsa fadamun Haɗejiya da Nguru, su haɗe kusa da Gashuwa. Daga nan ruwan ya bi ta Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Nijeriya na kusan kilomita 150, sannan ya faɗa Tafkin Chadi a wajen Bosso. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 ta Challawa, duka a jihar Kano. Ga kuma farin 1973 da na 1984. Ambaliyar da kakanninmu ke noma da kamun kifi a kanta ta ragu, jama'a suka koma ban-ruwa da inji, tattasai ya zama arzikin Diffa. Tare da arzikin sai ga takin zamani da maganin feshi, ga aikin rani a zafin da ke haura digiri 40.

A sama da mu, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri sun daɗe da lura cewa da yawa cikin masu zuwa musu da ƙoda ta gaza daga ƙasar Bade suke, wato Gashuwa da kewayenta, da yankin Nguru da Haɗejiya. Abin ɗaure kai shi ne, a duniya ciwon suga da hawan jini ne suka fi kashe ƙoda, amma cikin waɗannan mutane akwai da dama da ba su da ko ɗaya. Magidanta ne masu ƙarfi a jika, manoma da masunta. Mutanen Gashuwa suka yi ta kuka shekara da shekaru har aka ji su. Gwamnatin jihar Yobe ta mayar da wankin ƙoda kyauta a asibitin koyarwa na Damaturu, kuma gwamna Mai Mala Buni ya ɗora wa cibiyar bincike ta BioRTC, wadda Farfesa Mahmoud Bukar Maina ke jagoranta a jami'ar jihar, aikin gano musabbabin ciwon.

An ga irin wannan a wasu ƙasashe masu zafi. Tun shekarun 1990 yake cin manoman shinkafa a arewacin Siri Lanka, haka ma masu saran rake a Nikaraguwa da El Salbado. Abubuwan da masana ke bin diddigi a can su ne dai ake bi a Gashuwa: aiki cikin rana da ƙishirwa kullum, magungunan feshi, da ƙarafa masu guba irin su dalma a ruwan sha. Har yau masana ba su tsaya a kan dalili guda ba. Mu dai kogi ɗaya muke sha da mutanen Gashuwa, sana'armu iri ɗaya, rana ɗaya ke dukanmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

To, yaya maganin ya faro, kuma ina ya iso? A 1827 wani likita a birnin Landan, Richard Bright, ya nuna cewa masu kumburin jiki da ƙodarsu ta lalace suna zubar da furotin a fitsari. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a zuba fitsari a cokali, a ɗora kan wutar kyandir, in ya yi gudaji kamar farin ƙwai, to akwai matsala. Ku riƙe wannan cokali, za mu koma kansa.

Sai a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, likita Willem Kolff ya harhaɗa injin wankin ƙoda na farko a garin Kampen na ƙasar Holan. Marasa lafiyarsa na farko fiye da goma kusan duk sun rasu, sai a 1945 wata tsohuwa ta tashi. A 1954 likita Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a birnin Boston na Amurka, tsakanin tagwaye. A 1960 likita Belding Scribner ya samo dabarar da ake iya maimaita wa mutum wanki shekara da shekaru.

Yanzu ku duba tafiyar hawainiyar da abin ya yi zuwa wajenmu. Sai a 1981 aka buɗe sashen wankin ƙoda na farko a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Legas, shekara 38 bayan injin Kolff. Dashen ƙoda ya fara a Legas a 2000, a asibitin Malam Aminu Kano a 2002, a Maiduguri a 2010. A Nijar kuwa an daɗe babu inda ake wanki sai asibitin Lamorde a Yamai, fiye da kilomita 1,300 daga Diffa, kafin babban asibitin Damagaram ya samu nasa, shi ma tafiyar fiye da kilomita 450. Maiduguri ta fi kusa, amma tun da rikicin Boko Haram ya tsananta, har aka kai hari Bosso da Diffa a Fabrairun 2015, hanyar Damasak ta zama abin tsoro. Dokar ta-ɓaci ta taɓa cinikin tattasai da na kifi, wato aljihun da ake biyan magani da shi.

Kuma wanki ba ya warkar da ƙodar da ta riga ta mutu, aikinta kawai yake karɓa. Ƙoda biyu masu lafiya suna tace kusan lita 180 na ruwan jini kowace rana, ba dare ba rana. Inji kuwa sai sau uku a mako, awa huɗu kowane zama, har ƙarshen rayuwa ko a samu dashe. Manomin Geskeru da ya kai wannan mataki, ko dai ya bar gonarsa ya tare a birni da mai jinya, ko ya koma gida. Mun san gidaje nawa suka sayar da shanu da injin ban-ruwa a kan haka.

Shi ya sa muka ce ku riƙe cokalin Bright. Injin ya yi mana nisa, ya yi tsada, amma gwajin da ya girme shi da fiye da shekara ɗari yana kusa. Yau ya zama 'yar takarda da ake tsomawa a fitsari, cikin minti biyu a ga sakamako. A haɗa da awon hawan jini, da awon suga, da gwajin kiriyatinin a jini, an san halin da ƙoda ke ciki. Ciwon ƙoda ba ya sallama. Mutum na iya rasa fiye da rabin aikinta bai ji komai ba. Kafin a ga kumburin ƙafa da fuska, fitsari mai kumfa, kasala, amai da ƙaiƙayin jiki, sau da yawa an yi nisa. In an gano da wuri kuwa, maganin hawan jini da na suga da rage gishiri suna jinkirta lalacewar da shekaru.

Akwai kuma abin da ke hannunmu tun daga gida. Yaron da ke fitsarin jini bayan wanka a kogi, tsargiya ce, ba alamar balaga ba. Tun 1851 likita Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira, kuma tun 2004 ake rabon maganinta a makarantun Nijar. In an bar ta, tana toshe hanyar fitsari har ta kai ga ƙoda. Mai aikin gona ya tafi da jarkar ruwa mai tsabta, ya riƙa sha tun kafin ƙishi ya kama shi, ya nemi inuwa in rana ta take. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a tebur ana sha kullum don a iya aiki, wallahi suna cin ƙoda, balle a jikin da ruwa ya ƙare. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Mai feshi ya rufe hanci da hannu, kuma kada a mayar da galan ɗin magani na ɗiban ruwan sha. Zawo da amai ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani kan tsayar da ƙoda cikin kwana biyu ko uku, amma irin wannan yakan warke in an kai likita da wuri.

Darasin Gashuwa shi ne, ba a fara bincike ba sai da jama'a suka nace. Mu ma muna da bakin magana. Muna da babban asibitin jaha, muna da Jami'ar Diffa tun 2014. Mu roƙi hukumomin lafiya su riƙa rubuta duk mai ciwon ƙoda da garinsa da sana'arsa da rijiyar da yake sha, a auna ruwan rijiyoyi da famfunan bakin kogi a faɗa mana sakamako, kuma masananmu su haɗa hannu da na Damaturu da Maiduguri, tunda ruwa bai san iyaka ba. Kowace Alhamis ta biyu a watan Maris ake Ranar Ƙoda ta Duniya, tun 2006. Kafin ta zagayo, duk wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini ko suga, ko mai wuni a gona, ya je a auna shi, ya ja maƙwabcinsa su tafi tare.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.