Daga tikitin abinci zuwa bashin NELFUND

Masu cewa ɗaliban yanzu sun cika kuka, ku zo mu ɗan waiwayi baya.

Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, watan Oktoba 1962, gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna neman yaran da za su cike ofisoshi take yi ido rufe, don haka ba ta bar ɗalibi da aljihun ubansa ba. Akwai sukolashif, akwai ɗakin kwana, akwai ɗakin cin abinci. Yaro ɗan malamin zaure ko ɗan maɗinki daga Ƙofar Galadima, in dai ya ci jarrabawa a Alhudahuda ko Barewa, to talaucin gidansu ba shi ne zai hana shi digiri ba. Da yawa daga cikin dattawan da ke mana wa'azin haƙuri yau da wannan cokalin aka ciyar da su.

Abin da ya riƙe ɗan talaka a jami'a abinci ne, kuma an ga haka ƙarara a watan Afrilu 1978. Gwamnatin Janar Obasanjo, Kanar Ahmadu Ali na kwamishinan ilimi, aka ƙara kuɗin abincin yini daga naira ɗaya da sule biyar zuwa naira biyu. Sule biyar kacal fa! Ɗalibai suka fito a faɗin ƙasa suna neman Ali ya sauka. A Legas aka harbe Akintunde Ojo, a Samaru sojoji suka buɗe wuta, aka rasa rayuka, daga baya aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba zai ce rigimar ta fi ƙarfin dalilinta. Amma ɗalibin da ke lissafin kwabo ya san ma'anar sule biyar sau kwanakin zango guda.

Cikin shekarun 1980 aka janye tallafin abincin gaba ɗaya, kowa ya koma risho da garin kwaki. Sukolashif na jiha ya rage sai suna: kuɗi kaɗan, kuma sai an kusa gama shekara su fito, in ma sun fito.

Bashi kuwa ba sabon abu ba ne. Gowon ya kafa hukumar ba ɗalibai rance tun 1972, ta durƙushe saboda ba a biya. Yanzu ga NELFUND, wadda ta fara karɓar masu nema a watan Mayu 2024: tana biyan kuɗin makaranta, ta ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu ruwa a kai, biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ni ina ganin duk mai buƙata ya nema, kar kunya ta hana shi.

Sai dai rance daban, tallafi daban. Yarinyar da mahaifinta ya rasu tana aji uku, wadda kullum sai ta hau mota daga cikin Birni zuwa Samaru ko Kongo, agajin gaggawa take bukata a makon nan, kafin a rufe rajista. A 2023 Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin makarantun jiha, har da Nuhu Bamalli, kuma an ji daɗi. Saura hukumar sukolashif ta Kaduna ta ware asusu na irin waɗannan yara, kyauta, a kuma biya a farkon zango. Tsofaffin ɗaliban da suka ci kaza da tikiti a Samaru su ma akwai kason da ke wuyansu.