Na'urorin auna hasken rana a jirgin ruwa da dangantakarsu da hazon Yusufari

Tsakanin Yusufari da gaɓar tekun Legas akwai tafiyar sama da kilomita 1,000, amma hazon da ke rufe tuddan yashin Tulo-Tulo a lokacin hunturu yana cikin abubuwan da jiragen bincike ke aunawa a tsakiyar Tekun Atilantika. Yawancin ƙurar tana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, iskar arewa maso gabas ta ratsa da ita ta kan Yusufari da Gashuwa da Nguru, ta wuce teku. Tun a shekarar 1832 Charles Darwin ya ga irin wannan ƙura tana sauka a kan jirgin Beagle kusa da tsibiran Kef Bad.

Babbar na'urar aikin ita ce firanomita. Wani baƙin faifai ne ƙarami da aka kife wa ƙoƙon gilashi. Rana tana ɗumama faifan, bambancin zafinsa da na jikin na'urar yana haifar da 'yar wutar lantarki, daga nan a lissafa ƙarfin hasken da ma'aunin wat a kan kowace murabba'in mita. A saman sararin samaniya ƙarfin ya kai kimanin 1,361, a doron ƙasa kuwa da tsakar rana, in sama ta yi garau, kimanin 1,000 ne. Ta fi tsohuwar na'urar Campbell-Stokes da tashoshin yanayi suka daɗe da ita, wato dunƙulen gilashi mai ƙona kati, domin ita sa'o'in fitowar rana kawai take ƙirgawa.

A tudu aikin yana da sauƙi: a daidaita na'urar, a riƙa goge mata ƙura. A jirgi kuwa komai motsi yake yi. Igiyar ruwa tana karkata faifan, wani lokaci ya fuskanci rana, wani lokaci ya kauce, lissafi ya ɓaci. Saboda haka ake ɗora ta a kan zobba masu lilo da ke riƙe ta a miƙe, ko a naɗi karkatar jirgin a gyara alƙaluma da kwamfuta. Ana kafa ta can sama don kada inuwar turken jirgi da hayaƙin inji su shafe ta, sannan gishirin da feshin teku ke bari a gilashi sai an wanke shi a kai a kai. Wannan ƙaramin aiki ne da ba a cika ambatonsa ba, alhali sakaci da shi yakan lalata awon makonni.

Don auna ƙurar kanta, ana amfani da Microtops, na'urar hannu da ma'aikaci ke saita wa rana daga bisa jirgi. Hukumar NASA ta Amurka tana tattara sakamakon tare da na tashoshinta na tudu, irin na Ilori da Banizumbu a Nijar. Akwai kuma shirin PIRATA na Burazil da Faransa da Amurka, wanda tun 1997 yake da tashoshi masu iyo da aka ɗaure a teku.

Amfanin wannan ga manomin gero a Yusufari yana cikin damina. Teku yana shanye mafi yawan hasken da ya sauka a kansa, ƙura kuwa tana tare wani kaso, ruwan ya rage ɗumi. Ɗumin ruwan Atilantika yana cikin abubuwan da ke juya iskar damina zuwa arewa ko su tsayar da ita a kudu, kuma masana sun danganta farin shekarun 1970 da 1980 da sauyin zafin tekuna. Da waɗannan awo ne kuma ake tantance alƙaluman taurarin ɗan'adam, waɗanda injiniyoyi ke dogaro da su wajen ƙiyasta yawan faifan sola da rijiyar burtsatse take buƙata a ƙauyukan da babu tashar awo ko ɗaya a kusa.