Killace Kai a Gidan Haya: Nazari kan Hukuncin Kwana 14 a Tudun Wadan Zariya

A ranar 26 ga Maris, 2020, wata guda bayan an tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Nijeriya, gwamnatin Jihar Kaduna ta dogara da Dokar Killacewa ta 1926, wadda aka gada daga Turawan mulki, ta umarci jama'a su zauna a gidajensu dare da rana. Ba a kuwa cika kwana uku ba sai gwamnan jihar na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya sanar da cewa shi ma ya kamu. Wancan kulle na gama-gari, wanda ya rufe kasuwanni da makarantu da masallatan Juma'a har cikin watan Yuni, an tattauna shi da yawa, masu yabo sun yaba, masu suka sun soka. Mas'alar da nake son tsayawa a kanta ta fi shi ƙanƙanta a ido, amma ta fi shi daɗewa, kuma za ta dawo duk ranar da wata annobar numfashi ta ɓullo, watau hukuncin da ya wajabta wa duk wanda ya yi cuɗanya da mai cuta ya keɓe kansa a gida kwana 14, ko da kuwa shi bai ji ko ciwon kai ba.

Hikimar wannan hukunci a wajen likitoci a fili take, kuma ban ga mai hankalin da zai yi jayayya da ita ba. Ƙwayar cutar takan shiga jikin mutum ta zauna kamar kwana biyar ko shida kafin alama ta bayyana, wani lokaci har ta kai mako biyu, alhali yana iya yaɗa ta da numfashinsa tun kafin zazzaɓi ko tari ya fara. Saboda haka wanda ya kwana ɗaki ɗaya da majiyyaci, ko ya ci abinci ƙwarya ɗaya da shi, abin tuhuma ne har wa'adin ya wuce. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta zayyana sharuɗɗan: mutum ya zauna a ɗaki mai wadatar iska shi kaɗai, ya ware kwanonsa da kofinsa, ya yi amfani da banɗaki nasa in da hali, kada ya karɓi baƙi, kada ya shiga motar haya, ya riƙa lura da zafin jikinsa, in ya ji canji ya kira jami'an lafiya.

To, sai dai duk wanda ya karanta waɗannan sharuɗɗa sannan ya bi lungunan Tudun Wada da ƙafa, tilas ya tambayi kansa wane gida marubutansu ke gani sa'ad da suke rubutawa. Tudun Wada tun asalinta mazaunin baƙi ce: Turawa suka ware ta a wajen ganuwar Zazzau, daura da Ƙofar Doka, domin 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun birni ba, kamar yadda suka ware Sabon Gari domin mutanen Kudu, a zamanin da hanyar jirgin ƙasa ta mai da Zariya mahaɗa. Wannan hanyar ce ma annobar mura ta 1918 ta biyo, bayan ta sauka Ikko daga jirgin ruwa a watan Satumba, ta hauro Arewa tasha bayan tasha. Unguwar da aka kafa domin baƙi kuwa gidan haya ne ginshiƙinta, inda za ka iske magidanta da yawa a tsakar gida ɗaya, kowa da ɗaki ɗaya ko ciki da falo, shi da matarsa da 'ya'yansa, rijiya ɗaya, masai ɗaya, zaure ɗaya na shiga da fita. Idan aka ce wa irin wannan magidanci ya keɓe a ɗakinsa, haƙiƙa an ce masa ne ya rufe ƙofa a kan iyalinsa tare da cutar da ake tsoro. Idan kuma aka ce ya ware banɗaki, an ɗora masa abin da ba shi da iko a kansa, alhali malaman usulu sun daɗe da tabbatar da cewa ba a kallafa wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa.

Kada mai karatu ya zaci ina nufin a yar da hukuncin, ko kuwa ina goyon bayan waɗanda suka riƙa cewa killacewa baƙon abu ne ga Musulunci, domin tarihi ya ƙaryata su. Sa'ad da annobar Amwas ta auku a Sham a shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga garin Sarg bai shiga ba, bayan Abdurrahman bin Auf ya ba shi labarin hanin Annabi (SAW) game da shiga ƙasar da annoba ta sauka da kuma fita daga cikinta. A wannan annoba Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal suka rasu, sannan Amru bin Asi ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, aka sami sauƙi. Abin da ya fi kusa da mas'alarmu ma shi ne ruwayar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, littafin da ba a rasa shi a zauren malami a Zazzau, cewa Umar ya ga wata mace kuturwa tana ɗawafi, ya nemi ta zauna a gidanta kada ta cutar da mutane, ta kuwa zauna, har bayan rasuwarsa ba ta yarda ta fito ba. Idan ɗawafi a Ɗakin Allah ya halatta a hana shi domin maslahar jama'a, to zaman majalisa a bakin titi ba ya bukatar doguwar muhawara.

Amma magabata ba su tsaya nan ba, kuma a nan ne nake ganin hukumominmu suka ɗauki rabin mas'ala suka bar rabi. Malamin tarihi Balazuri ya ambata cewa shi wannan Umar, da ya wuce wasu kutare Nasara a Jabiya, ya yi umarni a ba su daga dukiyar sadaka, a kuma yanka musu abinci. Malaman tarihi kuma sun ruwaito cewa Halifa Walidu bin Abdulmalik, da ya hana kutare yawo cikin mutane, ya sanya musu abin masarufi daga baitulmali. Fahimtarsu ke nan: wanda ya tsare mutum domin amfanin al'umma, ciyar da shi ta hau kansa, tun da yake mutumin bai yi laifi ba, hasali ma hidima yake yi wa maƙwabtansa da zamansa. Ɗan acaɓa, da tela, da mai shayi, da ɗan dako a kasuwar Tudun Wada, waɗanda ke rayuwar hannu baka hannu ƙwarya, ba taurin kai ke fitar da su ranar uku ga killacewa ba. Kukan yara ne da tukunyar da ba a ɗora ba. Ko Ingila, da duk wadatarta, sai da ta gane wannan, ta fara biyan masu ƙaramin ƙarfi fam 500 daga watan Satumba na 2020 domin su iya zama a gida. Mu kuwa abin da aka gani a watan Oktoba na shekarar shi ne jama'a suna fasa rumbunan kayan tallafi a garuruwa da dama, har da Kaduna, wanda ya nuna abincin ya samu, hanyar isar da shi ƙofar mai bukata a kan kari ce ba a gina ba.

Akwai kuma nauyin al'ada, wanda ba a rubuta shi a takardar sharuɗɗa ba. Dubiya haƙƙi ce a wurinmu, kuma wanda ya ji ɗan'uwansa na kwance bai je ba ya jawo wa kansa zargin yanke zumunci. A ɗaya gefen kuma tsoron kada a ce gidan wane akwai korona ya sa mutane da yawa suka ɓoye cuɗanyarsu, wanda shi ne mafi munin abin da zai sami masu bin sawun cuta. Amma al'adar nan ita ma tana ɗauke da maganin. Bahaushe ya san zaman gida na wa'adi: mai takaba tana wata huɗu da kwana goma, mai jego tana kwana arba'in, kuma ba a taɓa jin an bar ɗayarsu da yunwa ba, domin dangi da maƙwabta sun san aikinsu, a aiko da tuwo, a ɗebo ruwa, a kula da yara. Ashe abin da ya rage shi ne liman ya faɗa a kan mumbari cewa a irin wannan hali dubiya ita ce a ajiye kwano a bakin ƙofa a yi gaisuwa daga nesa, kuma wanda ya killace kansa abin girmamawa ne, ba abin nuni da baki ba.

Za a ce gwamnati ba ta da ƙarfin ciyar da kowa. Gaskiya ne, amma ba kowa ake magana ba. Waɗanda suka yi cuɗanya da majiyyaci adadi ne ƙididdigagge, kuma buhun gero da ɗan kuɗin cefane na mako biyu ga kowane gida daga cikinsu bai kai ushirin asarar rufe jiha baki ɗaya ba. Wanda ba shi da ɗakin keɓewa kuma, ajin makarantar firamare da aka tanada da tabarma da ruwa ya fi masa ɗakin da yara biyar ke kwana. Mai unguwa ya san wanda ke da hali da wanda ba shi da shi fiye da kowace rajista, kuma kwamitin masallaci na iya riƙe amanar zakka da wakafi domin wannan.

Mashaƙon da ya addabi Kano da maƙwabtanta a 2023 ya isa tunatarwa cewa cututtukan da ke bin numfashi ba su yi ban kwana da mu ba. Ina kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, da Masarautar Zazzau, da malamanmu, su zauna tun yanzu da ake cikin lafiya su rubuta a doka cewa duk takardar da ta umarci mutum ya killace kansa, ta zo tare da abincin kwanakinsa da wurin da zai kwana.