Tarihin Ruwan Sukari Mai Ƙamshi



Yau kicin za mu leƙa. Duk mai bin shafukan girke-girke ya ga yadda ake yayin dafa sukari da ruwa, a jefa na'a-na'a ko citta, a tace, a ɗura a kwalba don haɗa lemo ko jiƙa kek. Da yake da sunan Turanci masu koyarwa ke kiransa, da yawa daga cikinmu mun ɗauka sabon abu ne da Turawa suka fito da shi. Alhali ya haura shekara dubu a duniya, kuma a hannun masu harhaɗa magunguna ya girma kafin ya faɗo hannun masu girki.

Sunansa ma ya ishe mu shaida. Kalmar "sirof" da muke kiran maganin tarin yara da ita, tushenta "sharab" ne na Larabci, wato abin sha. Lokacin da malaman Turai suka fassara littattafan likitancin Larabawa zuwa Latin, sai suka mayar da ita "siropus", daga nan ta shiga Faransanci da Ingilishi, ta zagayo ta iso mana ta ƙofar asibiti. Haka ma sukari. A tsibirin Niyu Gini aka fara noman rake, mutanen Indiya suka gano yadda ake dafa ruwansa har ya daskare, suka kira shi "sharkara". Farisawa suka ce "shakar", Larabawa suka ce "sukkar". Mu kuwa sau biyu muka ari kalmar: "sukari" daga Larabci, "suga" daga Ingilishi. Saboda haka wanda ya sa wa tsohuwar da ta rayu kafin zuwan Turawa kalmar "suga" a baki, ya yi tuya ya manta da albasa.

Me ya haɗa likita da sukari? Matsalar mai magani a da ita ce ganye yana da lokacinsa, ciwo kuwa ba ya jiran damina. Idan aka dafa ganye a ruwa zalla, kwana biyu ya yi tsami. Amma idan sukari ya yi yawa a cikin ruwan, yakan riƙe danshin da ƙwayoyin cuta ke buƙata, sai su kasa yaɗuwa. Shi ya sa har yau sirof ɗin masu harhaɗa magunguna kusan kashi 2 cikin 3 na nauyinsa sukari ne. Ga kuma riba ta biyu: zaƙi yana ɓoye ɗacin magani. Tsoffin Girkawa sun yi irin wannan dabara da zuma da khal. Da sukari ya wadata a ƙasashen Musulmi, sai ya maye gurbin zuma a haɗe-haɗe da yawa, domin ba shi da ƙamshin kansa da zai danne na ganyen.

A ƙarni na 10, Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tattara littafin girki a Bagadaza mai suna Kitab al-Ɗabikh, ya sa abubuwan sha a ciki tare da bayanin amfaninsu ga jiki. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya keɓe kashi na biyar na littafinsa al-Ƙanun ga magungunan da ake harhaɗawa, kuma sharab iri-iri na cikinsu. A wajajen 1260, wani Bayahude mai sayar da magunguna a Alƙahira, al-Kohen al-Aɗɗar, ya rubuta Minhaj al-Dukkan, jagorar mai shagon magani, da babi guda a kan waɗannan ruwaye. A wannan ƙarnin dai, wani littafin girki na Andalus da Magrib ya kawo sharab na na'a-na'a, da na lemun tsami, da na tsamiya. Tsarin bai sauya ba: a dafa ganyen, a tace, a ƙara sukari, a mayar kan wuta har ya yi kauri, a riƙa ɗiba ana sirkawa da ruwa.

Biyu daga cikinsu sun yi suna ƙwarai. Na farko sikanjabin, daga kalmomin Farisanci na khal da zuma, wanda mutanen Iran ke dafawa da na'a-na'a har gobe, su sha lokacin zafi. Na biyu julab, daga "gul" da "ab", wato ruwan wardi. Wannan suna ya bi hanyar Turai har kudancin Amurka, inda ya koma sunan wani haɗin barasa da na'a-na'a. A Labanan da Siriya kuwa jallab na nan, abin shan buɗe baki da azumi. A fadar Topkapi ta sarakunan Usmaniyya da ke Istambul, ɗakin da ake dafa kayan zaƙi shi ne kuma ake harhaɗa magungunan fada a cikinsa.

To ta yaya kayan sarakuna da likitoci ya zama na kowa? Nan ne labarin ya yi ɗaci. A 1493 Kolumbus ya kai rake tsibiran Karibiyan. Gandayen rake suka bazu a can da Birazil, kuma miliyoyin 'yan Afirka da aka kwashe aka sayar bayi ne suka yi sara da tatsa da dafuwa. Guminsu da rayukansu suka karya farashin sukari a Turai. Daga baya, a 1747, wani Bajamushe mai suna Marggraf ya nuna ana iya fitar da sukari daga wani nau'in gwoza, abin da ya ƙara masa araha. Sukari ya bar shagon magani ke nan, ya zauna a kan teburin shayi.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Kafin farin sukari ya cika kasuwanninmu, zaƙinmu daga zuma yake, da dabino, da rake, da takanɗa, ga mazarƙwaila da alewa. Uwar da ke tafasa citta da kanumfari ta zuba a zoɓo ko ruwan tsamiya, rabin aikin al-Kohen ta yi. Abin da ya rage shi ne kaurin da zai sa ya ajiyu.

Ga mai son gwadawa: kofi 1 na sukari, kofi 1 na ruwa, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har sukarin ya narke. Ganye mai laushi irin na'a-na'a ba ya son dogon tafasa, ƙamshinsa gudu yake yi. A sauke tukunya tukuna, a zuba cikin hannu guda na wankakken ganye, a rufe minti 20 zuwa 30. Citta da kirfa da kanumfari kuwa sai sun ɗan dahu a ciki, kamar minti 10. A tace, a bari ya huce, a ɗura a kwalbar da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa, a sa a firij. Zai kai mako 2. Inda wuta ba ta zama, gara a ninka sukarin ya zama kofi 2, kuma a yi kaɗan-kaɗan. Da ya yi duhu-duhu, ko fumfuna ta fito, a zubar.

Sai dai mu tuna da cokali magabata suke auna shi, domin magani ne a wurinsu. Babban cokali ɗaya na haɗin farko yana ɗauke da kusan ƙaramin cokali 2 na sukari, ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta ce kada sukarin da babba ke sha ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, har da na shayi da lemon kwalba. Mai ciwon sukari kuma ya nemi shawarar likitansa kafin ya taɓa.

Allah ya ba mu lafiya, ya kai mu mako mai zuwa.