Yadda Ɗaura Sinkin Kicin Ya Zama Aikin Mai Gida

A ƙarni na 19, babu magidancin Landan da zai yi tunanin ɗaura wa kansa sinkin wanke-wanke a kicin. Bututun ruwa na dalma ne a wancan zamani, kuma haɗa guda biyu sai gwani. Ma'aikaci zai narka dalma da kuza a tukunya, ya zuba a mahaɗar, ya riƙa shafewa da ƙyalle mai kauri tun tana da zafi har ta daskare. Shekaru ake yi ana koyon wannan hannu. Kalmar Turanci ta mai gyaran famfo ma daga sunan dalma a harshen Latin ta samo asali. Yau kuwa mutum na iya sayo sinki da safe, ya ɗaura shi kafin la'asar da sifana ɗaya. Abin da ya kawo wannan sauyi shi ne daidaita awo da sauya kayan aiki, ba wai magidanta sun fi na dā basira ba.

Matakin farko ya fito daga Manchester. Kafin 1841 kowace masana'anta a Ingila tana yanka haƙoran notinta yadda ta ga dama, har notin wannan kamfani ba ya hawa kusar wancan. A shekarar ne injiniya Joseph Whitworth ya gabatar da tsari guda, mai kusurwar digiri 55, kuma a kansa aka gina ma'aunin haƙoran bututu na Birtaniya. Mulkin mallaka ya yaɗa shi zuwa ƙasashe da dama, shi ya sa har gobe ake neman kan famfo na rabin inci a kasuwannin Kano da Kaduna, alhali ƙasar ta daɗe da komawa lissafin mita. Amurka ta ɗauki nata tsarin mai digiri 60. Wanda ya haɗa kayan tsarin biyu zai ga sun fara shiga, amma yoyo ba zai daina ba.

Sinkin kansa ma ya yi sauƙi. Na dā da yumɓu mai kauri ake yin su, ko da zubin ƙarfe, masu nauyin da sai an gina musu madogara. A 1913 Harry Brearley, yana bincike a Sheffield kan zaizayewar bakin bindiga, ya gano cewa ƙarfen da aka gauraya da kuromiyam wajen kashi 13 cikin 100 ba ya tsatsa. Daga shekarun 1930 aka fara buga sinki da wannan ƙarfe, mara nauyi, wanda mutum ɗaya zai ɗaga ya zaunar a ramin da aka yanka a kan kanta.

Ita kuwa kantar, tarihinta yana komawa Jamus. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara kicin don gidajen ma'aikata da birnin Frankfurt ke ginawa. Faɗinsa mita 1.9, tsawonsa 3.4, an auna inda murhu da sinki da kabad za su zauna don rage zirga-zirgar mai girki. An yi kusan 10,000 irinsa. Daga nan tunanin kicin mai sassa masu awo ɗaya ya bazu, har masu yin sinki suka koma ƙera shi daidai da faɗin kabad.

Roba ce ta kammala aikin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu bututun roba ya soma maye gurbin dalma da ƙarfe a magudanan gidaje, ana yanka shi da ƙaramin zarto, a ɗaure da noti da hannu. Farin tef ɗin da ake naɗawa a haƙoran famfo daga sinadarin da Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont a 1938 yake. Da aka tabbatar dalma guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwar yara, Amurka ta haramta amfani da ita a sabon aikin ruwan sha a 1986. 'Yan kasuwa kuma suka ga dama: B&Q ya buɗe a Southampton a 1969, Home Depot ya buɗe shagunansa na farko a Atlanta a 1979, dukansu don mai gida mai son yin gyara da hannunsa.

Akwai dai sashe ɗaya da ya girmi duk waɗannan, kuma shi ne wanda masu gaggawa suka fi rainawa: lanƙwasar nan ta ƙarƙashin sinki. A 1775 wani maƙerin agogo ɗan Sikotlan, Alexander Cumming, ya yi rajistar masai mai bututu lanƙwasasshe wanda ruwa ke kwanciya a cikinsa. Wannan ɗan ruwa, da bai wuce zurfin santimita 5 zuwa 10 ba, shi ke toshe hanya tsakanin ɗaki da magudana, ya hana wari da iskar gas da kyankyasai hawowa. Mutanen lokacin sun ɗauka wari ne ke haddasa cuta. Bincike ya rushe wannan fahimta daga baya, amma dabarar ta zauna, domin iskar masai tana ɗauke da gas mai guba da kuma mai kama wuta.

Saboda haka, wanda ya miƙar da bututu daga sinki kai tsaye zuwa lambatu don ya rage kuɗi, ya buɗe wa ƙazanta ƙofa ne a daidai inda ake haɗa abincin iyalinsa. Injiniyoyi sun ɗauke wa mai gida narka dalma da yanka haƙora, suka bar masa abu uku: ya rufe ruwa kafin ya fara, ya tabbatar haƙoran kayansa na tsari ɗaya ne, ya kuma bar lanƙwasar Cumming a wurinta.