Karatun ƙarshen mako: maƙalar da ta cinye mujalla guda

A ƙarshen watan Agustan 1946, masu sayen mujallar The New Yorker a Amurka sun ɗauki fitowar makon kamar yadda suka saba. Bangonta na ɗauke da zanen mutane suna shaƙatawa a lambu lokacin zafi. Da suka buɗe, sai suka nemi zanen barkwancin da aka san mujallar da shi suka rasa. In ban da tallace-tallace da jerin abubuwan da ke gudana a birnin New York, maƙala ɗaya ce ta mamaye shafukan daga farko har ƙarshe, mai kalmomi kimanin 30,000. Sunanta "Hiroshima", marubucinta kuwa John Hersey. Ita nake ba ku shawarar karantawa a wannan ƙarshen mako, amma sai an san halin da aka rubuta ta a ciki kafin a gane nauyinta.

A ranar 6 ga Agustan 1945, da ƙarfe 8:15 na safe, Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a kan Hiroshima. An ƙiyasta cewa kafin ƙarshen shekarar mutane kusan 140,000 sun mutu. Duk da haka, abin da akasarin Amurkawa suka gani bai wuce hoton hayaƙi ya turnuƙe sama da na kangon gine-gine ba. Japan na ƙarƙashin mulkin sojan Janar Douglas MacArthur, kuma jami'ansa na tace abin da jaridun ƙasar ke bugawa tare da taƙaita zirga-zirgar 'yan jarida. Wilfred Burchett, ɗan jarida daga Ostireliya, ya kutsa birnin ya ba da rahoto a jaridar Daily Express a farkon Satumban 1945 kan wata cuta mai kashe mutanen da ko ƙwarzane ba su samu ba. Jami'an Amurka suka yi watsi da rahoton. Janar Leslie Groves, wanda ya jagoranci aikin ƙera bam ɗin, har ya shaida wa wani kwamitin Majalisar Dattawa cewa likitoci sun ce mutuwa ta dalilin tururin nukiliya mutuwa ce mai sauƙi.

Hersey ba baƙo ba ne a Asiya. An haife shi a 1914 a birnin Tianjin na ƙasar Sin, inda iyayensa ke aikin mishan. Ya yi aikin aiko da rahoton yaƙi ga mujallun Time da Life, kuma a 1945 ya sami kyautar Pulitzer saboda littafin ƙagaggen labarinsa. Ya isa Hiroshima a tsakiyar 1946, ya yi 'yan makonni yana hira da waɗanda suka tsira. Daga cikinsu ya zaɓi mutum shida: Toshiko Sasaki, akawu a wata masana'antar kwano, Hatsuyo Nakamura, wadda mijinta tela ya mutu a yaƙi ya bar ta da 'ya'ya uku, likitoci biyu, Masakazu Fujii da Terufumi Sasaki, Kiyoshi Tanimoto, fasto, da Wilhelm Kleinsorge, Bajamushe limamin cocin Katolika.

Ƙarfin rubutun yana cikin natsuwarsa. Hersey bai yi wa'azi ba, bai yi muhawara kan ko jefa bam ɗin ya dace ba, bai ma sako kansa cikin labarin ba. Ya faɗi inda kowanne cikin shidan yake a daidai lokacin da hasken ya tashi, sannan ya bi su sa'a bayan sa'a. Za ku ga kantocin littattafai sun danne akawun sun karya mata ƙafa. Za ku ga matashin likita Sasaki, wanda tabaransa ya faɗi, ya karɓi na wata ma'aikaciyar jinya da ta ji rauni ya ci gaba da aiki, yayin da mutane kusan 10,000 suka yi cincirindo a asibiti mai gadaje 600. Za ku ga fasto Tanimoto yana tura kwale-kwale da sanda yana ƙetarar da masu rauni. A tsakanin waɗannan ne yake sako alƙaluma: cikin likitoci 150 na birnin, 65 sun mutu nan take, sauran kuma akasarinsu sun jikkata.

Babi na huɗu shi ne ya fi tayar da hankalin hukuma. Makonni bayan harin, gashin kan Nakamura ya fara zubewa a kan mataji. Ƙananan raunukan Kleinsorge suka ƙi warkewa, ƙwayoyin jininsa suka ragu ƙwarai. Abin da aka musanta wa Burchett ga shi dalla-dalla a jikin mutanen da mai karatu ya riga ya san sunayensu da na 'ya'yansu.

Da farko an tsara buga maƙalar kashi huɗu. Edita William Shawn ne ya nace a fitar da ita gaba ɗaya, Harold Ross wanda ya kafa mujallar ya amince, aka yi aikin gyara a asirce. Fitowar ta ƙare a kasuwa cikin sa'o'i. Gidan rediyon ABC ya karanta ta cikin dare huɗu, BBC ma ta watsa ta, kafin shekarar ta ƙare ta zama littafi. A Japan kuwa, inda abin ya faru, sai a 1949 fassararta ta fito.

Martanin masu mulki shi ne karatu na biyu da nake ba ku shawara. A Fabrairun 1947 mujallar Harper's ta buga maƙalar Henry Stimson, tsohon Sakataren Yaƙi, inda ya kare matakin da hujjar cewa mamayar Japan ta ƙasa za ta jawo wa Amurka asarar sojoji fiye da miliyan ɗaya tsakanin matattu da masu rauni. Masana tarihi sun daɗe suna jayayya kan wannan adadi, amma bayanin nasa ya zauna a zukatan Amurkawa shekaru da dama. Karanta su biyun a jere darasi ne babba: ɗaya na magana daga teburin da aka yanke hukunci, ɗayan daga ƙasan da hukuncin ya sauka. Duk wanda ke karanta labarin yaƙi a yau, inda ake ambaton matattu da lamba kawai, zai amfana da sanin bambancin.

Na uku shi ne komawar Hersey kansa. A 1985 ya sake zuwa Hiroshima ya rubuta yadda rayuwar shidan ta kasance cikin shekaru arba'in, da talauci da cuta da ƙyamar da waɗanda suka tsira suka fuskanta wajen neman aiki. Wannan ya zama babi na biyar a bugun littafin na baya-bayan nan, don haka ku nemi wanda ke ɗauke da shi.

Maƙalar farko za ta ci muku awa biyu zuwa uku. Ku ba ta safiyar Asabar a zama ɗaya, kamar yadda Shawn ya so, wayar hannu kuma tana wani ɗakin. Stimson da babi na biyar sa iya jira har Lahadi.